Makullin Famfo

Ni ke riƙe da makullin famfon ƙauyenmu,
yamma da Nuhud, tafiyar wuni a kan jaki.
Yana rataye a wuyana kamar laya,
wata bakwai ke nan bai buɗe komai ba.

Kakanninmu daga Haɗeja suka taso a ƙafa,
Makka suka nufa, Kurdufan ta riƙe su.
Nan suka tarar ana rarake cikin kuka,
a ɗura mata ruwan damina da guga,
a liƙe bakin da taɓo, sai rani.
Kakata Gwamma kuka uku gare ta,
kowacce da suna kamar saniyar tatsa:
Mai Haƙuri, Tulun Baƙo, Uwar Marayu.
Ba ta taɓa dangwala yatsa a takarda ba,
kuma ba wanda ya kwana da ƙishi a gidanta.

Sai shekarar da Injiniya Mu'utasim ya zo
da farar mota da allo mai haske a hannu.
Ya ce tauraron ɗan'adam ya leƙa ƙarƙashinmu,
ya ga tafki kwance, ba a ganin gaɓarsa.
Muka ce, ashe a kan ruwa muke barci?
Kwana goma sha tara suna haƙa.
Suka jera gilasai suna fuskantar sama,
ranar da ke gasa mu aka sa ta ɗebo mana ruwa.
Na yi hawaye ran nan, ban ɓoye ba.
Aka yanka rago, aka yanka ƙyalle da almakashi,
aka rataya mini makulli ana tafi.
Kukoki kuwa muka bar wa jemagu.

Abin da ya ƙone bai kai tafin hannuna ba.
Na kai wa Umda Bakhit a naɗe cikin tsumma,
ya rubuta wa ƙaramar hukuma,
ƙaramar hukuma ta rubuta wa jiha,
jiha ta ce sabo ya iso bakin teku,
yana jiran hatimi.
Mai hatimin an yi masa canjin wurin aiki.
Wanda ya gaje shi bai ga fayil ba.
Sau huɗu na je. A na huɗun aka ba ni shayi,
na daɗe ina kallon kofin,
ina lissafin ko akuya nawa zai jiƙa wa harshe.

Damina uku ke nan hadari na yi mana gwalo.
Tafkin gari ya tsattsage kamar diddigen manomi.
Rakumi, wanda ba ya roƙo, ya durƙusa a bakin kwami.
Motar tanki na zuwa ran Talata,
ta fara da gidaje masu katanga,
in ta iso gare mu jarka ɗaya kuɗin tunkiya ce,
ramammiya dai, amma tunkiya.
'Yata Sittana kan fita kafin kiran assalatu,
ta dawo da azahar da ruwa mai launin kunu.
Mun koma taimama, har yara sun iya.
Wayata kuwa ba ta fashi:
kullum da safe takan gaya mini gobe ma rana ce.
Na gode. Na sani.

Jiya na ɗauki igiya da yara biyar.
Na zura jiki cikin Uwar Marayu,
duhu, wari, kashin jemage har gwiwa.
Muka kwashe da ƙwarya har la'asar.
A can ƙasa hannuna ya taɓa sawun gatari,
na wani da ban san sunansa ba,
wanda bai jira hatimin kowa ba.

Ban jefar da makullin ba.
Ruwan na nan ƙasa, injiniya bai yi ƙarya ba,
in na kwanta da dare kamar ina jin motsinsa.
Ran Lahadi zan koma ofis karo na biyar.
Ran Litinin za mu shiga Tulun Baƙo.